Ayari ko tafiyar kai da kai: me za a ba mai fita waje?

Ka ce da ni: "Maigida, in mutum ya shigo ofishinmu na shirya tafiye-tafiye yana son fita waje, yaushe zan sa shi cikin ayari, mu riƙe masa biza, tikiti, masauki da mota a dunƙule, yaushe kuma zan yanka masa tikiti kawai ya kama gabansa?"

Yarona, kada ka fara da farashi. Fara da sanin inda za shi, ko ya taɓa zuwa, da wanda zai ɗaga masa waya in abu ya lalace cikin dare a ƙasar da ba ya jin yarenta. Wannan na ƙarshen shi ne ainihin abin da muke sayarwa a ayari.

Aikin Hajji babu zaɓi a cikinsa. Saudiyya ce ke ware wa kowace ƙasa kujerunta, a nan Kamaru kuma suna bi ta hukumar alhazai ta ƙasa. Wanda ya ce ka nemo masa bizar Umara ko ta ziyara don ya laɓe har ranar Arfa, ba shi haƙuri ya tafi, ko nawa ya ajiye. A Hajjin 2024 mutum 1,301 suka rasu cikin tsananin zafi, hukumomin Saudiyya suka ce kashi 83 cikin ɗari ba su da izinin Hajji. Ba su da tanti a Mina, ba su da mota, sai tafiyar ƙafa cikin rana.

Umara ce ke da zaɓi. Dattijo, ko uwar da ba ta taɓa hawa jirgi ba, ko wanda Fulatanci da Faransanci kawai yake ji, ayari ya fi masa. Amma dunƙulen da ba a rubuta ba rigima ce ke jiran ranarta. Rubuta sunan otal, da nisansa da Harami a mita, don "kusa da Harami" ba awo ba ne. Wani masaukin sai an shiga bas, mai ciwon gwiwa kuwa ba zai jure wannan sau biyar a yini ba. Rubuta mutum nawa a ɗaki, kwana nawa a Makka, nawa a Madina, da abinci ko babu, da wanda zai ɗauko su daga Jidda. Tsakanin Makka da Madina fa ya haura kilomita 400, to a bas ne ko a jirgin ƙasan Haramain? Sunan jagora da lambarsa su shiga takardar. In goman ƙarshe na azumi ne, ka ga farashin wani ya faɗi ƙasa da na kowa, nemi abin da ya cire. Araha ba ta ado.

Ɗan kasuwar da ya saba Dubai, Istanbul ko Gwanzu ta ƙasar Sin, yana da dillalinsa da masaukinsa, ayari ɗaure shi zai yi. Kaya na iya makara ya ƙara kwana huɗu. Shi tikitin da ake iya canza rana yake bukata, ko da ya ɗan fi tsada, sai kuma sanin kilo nawa aka ba shi. Jaka biyu masu kilo 23 ce aka fi bayarwa, amma karanta a jikin tikitin kafin ka faɗa.

A tafiyar kai da kai ne aikinka ke ƙaruwa, don ba mai gyara kuskurenka a hanya. Mutumin Marwa ko Kuseri sau da yawa ya fi masa sauƙi ya ƙetare gadar Ngeli ya tashi daga Njamena, na Garwa da Ngaundere kuma su gangara Yawunde ko Duwala. Duk inda zai canza jirgi, Adis Ababa, Alƙahira ko Istanbul, haɗa tafiyar a lambar rajista ɗaya. In tikiti biyu ne daban, na farko ya makara, kamfani na biyu ba ruwansa, kuma wanda bai hau jirgin zuwa ba yawanci ana soke masa na dawowa. In dole sai an raba, bar masa kwana guda a tsakani.

Suna kuma, kwafe shi harafi da harafi daga fasfo. Mahamat daban, Mohamadou daban, Muhammad daban a wurin na'ura, ko da mutumin ɗaya ne. Fasfon ya kasance da sauran wata shida aƙalla. Katin rigakafin shawara sai bayan kwana goma da allurar yake fara aiki, kuma tun 2016 allura ɗaya ta isa har ƙarshen rayuwa. Mai zuwa Umara ya ƙara da ta sanƙarau, ita ma kwana goma kafin isa. Kuɗi ya canza tun daga gida zuwa yuro ko dalar Amurka, sefa ba ta da kasuwa a can. Yuro ɗaya sefa 655.957 ne a hukumance, da haka zai gane in an yi masa yankan ƙauna.

Abin da mai Umara shi kaɗai ya fi mantawa shi ne miƙati. In Jidda zai sauka ya wuce Makka, a sama jirgi ke ƙetare miƙati, don haka harami ya kasance a jakar hannu, ya ɗaura a inda ya canza jirgi, ya yi niyya in aka sanar. In Madina zai fara, sai ya ɗaura a Zul Hulaifa, miƙatin mutanen Madina. Izinin shiga Rauda kuma ta manhajar Nusuk ake nema, saka masa ita a waya kafin ya bar ofis.

Mai tsaka-tsaki, wanda ya taɓa fita amma bai san wannan garin ba, yi masa rabi: biza, tikiti, masaukin dare biyu na farko, da motar da za ta ɗauke shi daga filin jirgi. Buga masa adireshin masaukin a takarda da rubutun ƙasar da za shi, don direban Gwanzu ba lallai ya karanta boko ba.