Wuƙar aljihu ta karye a tsini: a gyara ko a sayi sabuwa?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ina da wata wuƙar aljihu mai naɗewa, ƙirar Okapi, wadda na gada daga mahaifina, Allah ya jiƙansa. Kwanakin baya na sa ta zan ɓamɓare murfin gwangwanin fenti, sai tsininta ya karye, kuma tun lokacin layya bakinta ya yi giɓi biyu saboda yara sun sari ƙashi da ita. Ga tsatsa, ga ruwanta yana girgiɗi idan an buɗe, ƙotar ma ta tsage. Abokaina sun ce in jefar in sayi wata. Shin tana gyaruwa? Daga wani mai karatu a Mabera, Sakkwato.

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Allah ya jiƙan mahaifinka, ya sa ya huta. Duk abin da ka lissafa yana gyaruwa, amma kafin ka kashe ko kwabo, ka wanke wuƙar da kananzir, ka goge ta, ka fito da ita rana ka duba wurare biyu. Na farko shi ne gindin ruwanta, inda ƙusar da take juyawa a kai ta ratsa. Na biyu kuma ƙarfen nan mai tsalle da ke bayan ƙota, wanda yake riƙe ruwan idan an buɗe. Idan ka ga tsagewa siririya kamar gashi a ɗaya daga cikinsu, to ka ajiye ta don tunawa da mahaifinka, kada ka sake aiki da ita, domin wuƙar da makullinta ya gaza a kan yatsun mai ita take rufewa. Idan kuwa wuraren nan lafiya suke, abin da ya rage aikin yini ɗaya ne.

Yana da kyau ka san irin ƙarfen da ke hannunka. An fara ƙera Okapi a garin Solingen na ƙasar Jamus a 1902, aka mayar da masana'antar Afirka ta Kudu a 1988, don haka idan ka ga sunan Jamus a gindin ruwan, wuƙar ta girmi wannan shekara. Yawancin irin waɗannan tsofaffin da baƙin ƙarfe mai sinadarin kabon aka yi su, ba farin ƙarfen nan da ake zuba wa sinadarin kuromiyom kashi 10.5 cikin 100 ko fiye don kada ya yi tsatsa ba. Shi ya sa take tsatsa da wuri, shi ya sa kuma take karɓar wasa cikin sauƙi, ta yi kaifi irin wanda mahauta ke so.

Tsatsar ba ta da wuya. Ka jiƙa ta da kananzir ko ruwan lemun tsami na ɗan lokaci, ka goge da samfefa mai laushi ko toka, ka wanke, ka busar nan take. Baƙi-baƙin da zai rage a jikin ƙarfen ba cuta ba ne, yana ma ɗan kare shi. Jar tsatsa mai garin nan ita ce mai ci.

Giɓin baki ne yake son haƙuri. Mutane da yawa sukan dage a kan giɓin kaɗai suna gurza, sai bakin ya zama kwari da tudu, wuƙa ta riƙa tsallake abin da take yanka. Abin da ya dace shi ne a cinye bakin gaba ɗaya, daga gindi zuwa tsini, har ya sauko daidai da zurfin giɓin da ya fi girma, sannan a fitar da sabon kaifi. Ka fara da dutse mai kaushi, wanda lambarsa ke tsakanin 200 da 400, ka ƙarasa da mai lamba 1000 (lambar tana nuna laushin dutse ne: mai babbar lamba ya fi laushi). Wanda ba shi da dutse yana iya shimfiɗa samfefa mai irin waɗannan lambobi a kan gilashi ko tayil, ya yayyafa ruwa. Karkatar da ake so wajen digiri 20 ce a kowane gefe, kuma hanyar gane ta ba wuya: ka tsayar da ruwan wuƙar cak a kan dutse, ka kwantar da shi rabi, ka sake kwantar da shi rabin wannan. Ka shafa tawadar alƙalamin maka a bakin kafin ka fara. Inda tawadar ta goge, nan dutse yake ci. Kada ka juya ɗaya gefen sai ka ji ɗan ƙaiƙayin ƙarfe ya lanƙwaso ta baya a duk tsawon bakin, wanda ake ji idan aka shafa babban yatsa a hankali daga gadon baya zuwa baki. A ƙarshe ka ja ta da baya-baya a kan fata don cire wannan ƙaiƙayin. Guntun fata kuwa ba ya wuya a garin dukawa.

Tsinin da ya karye ba ya dawowa, sabo ake fitarwa, kuma a nan ne gyaran wuƙa mai naɗewa ya bambanta da na wuƙar kube. Idan aka ci ƙarfen daga baki ana hawa sama, sabon tsinin zai tashi, ya leƙo daga cikin ƙota ko da an rufe wuƙar, ya yage aljihu ko ya soki hannu. Daga gadon baya ake gurzawa ana gangarowa har a haɗu da baki. Wuƙar za ta ɗan gajarce, siffarta ta ɗan sauya, amma tsinin zai fi na da ƙarfi. Ka zana layin da kake so da maka tukuna, kuma ka riƙa rufe ta kana dubawa.

Abin da na fi jin tsoro a duk wannan aiki shi ne injin gurza ƙarfe. Lokacin ƙira ana gasa ruwan wuƙa har ya yi ja, a tsoma shi cikin mai ko ruwa ya yi tauri, sannan a sake ɗumama shi kaɗan, wajen digiri 200 a ma'aunin Selshiyos, don kada ya zama mai saurin karyewa. Duk zafin da ya wuce wannan daga baya yana warware taurin. Dutsen inji mai gudu a bushe yana kai siririn baki wannan zafi cikin daƙiƙoƙi kaɗan: sai ka ga ƙarfen ya yi ruwan ɗorawa, daga nan ya koma shuɗi, wanda ke nuna ya kai wajen digiri 300. Wuƙar za ta fito tana walƙiya, tana aske gashi, bayan kwana biyu ta dakushe, kuma komai wasa ba za ta riƙe kaifi ba sai an cinye wurin da ya ƙone. Na sha ganin wuƙaƙen kirki da aka kashe ta haka a jajibirin Babbar Sallah, lokacin da layi ya yi tsawo kuma mai wasa yana sauri. Idan dole sai inji, a ajiye ruwa kusa, a taɓa kaɗan a tsoma, kada ƙarfen ya yi zafin da yatsa ba zai iya riƙewa ba. Saboda wannan dalilin ne kuma ban yarda a kai wa mai walda ya liƙa guntun tsinin ba.

Girgiɗin ruwan daga ƙusar tsakiya yake, wadda ta saki saboda shekaru da kuma ɓamɓarar gwangwani. Sababbin wuƙaƙe da yawa sukuru ne a wurin, ɗaurewa kawai ake yi, amma taka ƙusa ce da aka daddale kanta. Ana ɗora ta a kan uwar maƙera, a cusa reza tsakanin ruwan da ƙota don a bar ɗan sarari, a bubbuga kan ƙusar da ƙaramar guduma sannu-sannu, ana gwada buɗewa bayan kowane bugu biyu ko uku. Ƙarin bugu yana da sauƙi, sassauta wanda ya wuce kima shi ne wahala. Wannan sashen, in ba ka saba ba, gara ka kai Maƙera Assada ka nemi dattijon maƙeri, ka gaya masa ƙarara cewa ɗaure ƙusa kake so, ba ka son wuƙar ta ga wuta.

Ƙota kuma, idan tsagewa ce kawai, ka wanke maiƙon da ke ciki da sifirit, ka bari ya bushe, ka cusa gam mai haɗi biyu irin Araldite, ka ɗaure da robar tayar keke har kwana ɗaya, ka lura kada gam ya gangara cikin kwarin da ruwan ke kwanciya. Sufa gulu yana kamawa da sauri amma yana ɓallewa idan wuƙa ta faɗi. Idan wani yanki ya ɓalle ya ɓace, masassaƙi zai iya fitar maka da sabuwa daga ƙirya ko kanya, ko da yake kuɗin aikin na iya zarce na sabuwar wuƙa a Babbar Kasuwa. Kai ka san darajar abin da ka gada. Ni dai a ganina tsohon ƙarfe irin wannan ya fi yawancin masu arha marasa suna da ake zubawa a tire.

Bayan gyara, ɗigo ɗaya na man keken ɗinki a kan ƙusar ya isa, domin mai da yawa yana kama ƙurar hunturu ya zama kamar samfefa a cikin gaɓar. Gumin aljihu a watannin Afrilu da Mayu da laimar damina su ne masu dawo da tsatsa, saboda haka ka riƙa goge ruwan bayan yanka nama, albasa ko mangwaro. Idan za ka ajiye ta na dogon lokaci, ka fitar da ita daga jakar fata, domin fata tana riƙe laima, kuma bagaruwar da aka jeme ta da ita tana baƙanta ƙarfe. Ka shafa mata mai kaɗan, ka naɗe ta a busasshen ƙyalle, ka sa inda yara ba za su kai ba.