Ɗana, kafin Yaya ya sayar da gona saboda ƙwallon kwando

Ɗana, na ga bidiyon shagalin wasannin sakandaren Amurka da ka turo, na kuma saurari saƙonka har sau uku. Kai ne na huɗu a dangi bana da ya ce in samo masa sakandare a Amurka ta hanyar wasa. Ka ce tsayinka ƙafa shida da inci uku, a unguwarku babu mai tare ka a filin ƙwallon kwando, kuma wani mutum ya yi wa Yaya alkawarin gurbi in an ba shi kuɗin aiki. Yanzu na dawo daga aikin dare, idanuna sai yaji suke, amma gara in amsa maka kafin a taɓa gonar nan.

Abin da ka gani a bidiyon ba ƙarya ba ne. Shekarata 14 a Texas, har yau abin yana ba ni mamaki. Daga ƙarshen Agusta zuwa Nuwamba, daren Juma'a na ƙwallon sakandare ne, irin tasu ta zari-ruga, ba tamu ta ƙafa ba. A garin Allen da ke arewa da Dallas, filin wasan sakandarensu dala miliyan 60 ya ci, yana ɗaukar mutum 18,000, an buɗe shi a 2012. Ranar wasa ana tara ɗalibai a yi gangamin zuga: 'yan badujala suna busa, 'yan mata masu rawa da tsalle suna jan kirari, wani yaro ya shiga rigar dodon makaranta, 'yan ƙungiyar zuga sun shafe fuska da launin makarantar sun lilliƙa sunayen 'yan wasa a bango. Ranar da na fara gani na zaci wani babba ne zai zo garin. Mu da muka saba da intahaus sau ɗaya a shekara, dole abin ya ɗauke mana hankali.

Abin da bidiyo bai nuna maka ba shi ne wanda yake biya. Iyaye ne. Bayan kowace ƙungiya akwai ƙungiyar iyaye masu tara mata kuɗi, su ke sayen abincin tafiya, su shirya walimar ƙarshen kaka, su cike duk giɓin da makaranta ta bari. Shekara uku ina tsayawa a rumfar sayar da abinci a bakin fili saboda ƙanwarka tana ƙungiyar zuga, yayanka kuma yana ƙwallon kwando. In tashi daga rumfa in wuce asibiti in kwana a tsaye. Da na ce ba zan taɓa naman alade ba, a ba ni ɓangaren ruwa da lemo, wata daga cikin shugabannin ta ce in ba zan iya aikin duka ba me ya kawo ni. A shekara ukun nan ba ta taɓa kiran sunana daidai ba. Na haɗiye, don kada a ce 'ya'yan baƙuwa ba su da kowa a bayansu. Wannan shagalin na 'yan gari ne, waɗanda kakanninsu ma a makarantar suka yi wasa. Mu da muke da gida da takardu da ƙyar muka kutsa. Kai da za ka zo ba uwa ba uba, wa zai tsaya maka?

Ga kuma addini. Magariba takan riske su a fili ko a cikin motar makaranta. Sau nawa yayanka ya yi salla a bayan ɗakin canza kaya. Azumi ma ba a ɗaga masa ƙafa. Makarantar Fordson da ke Dearborn a Michigan ta taɓa mayar da atisayen ƙwallo tsakar dare saboda Ramadan, amma can Musulmi ne suka fi yawa a makarantar. Nan yayanka shi kaɗai ne, bakinsa a bushe yake gudu. 'Yan mata kuwa sun sha wuya a kan hijabi: a 2019 an soke tseren Noor Abukaram a Ohio don ba a nema mata takardar izinin sa shi ba. Sai daga baya dokokin suka sassauta.

Yanzu maganar da dillalin bai gaya wa Yaya ba. Mai bizar ɗalibi ta F-1 ba ya wuce wata 12 a sakandaren gwamnati, kuma shi zai biya cikakken kuɗin karatunsa, ba kyauta ba ne kamar na ɗan gari. Saura makarantun kuɗi. A makarantun gwamnatin Texas, wanda ya cika shekara 19 kafin 1 ga Satumba ba ya shiga gasa, haka wanda ya riga ya gama sakandare. Kai ka cika 18, ka rubuta WAEC. To, ta ina zai shigar da kai? Na san amsar: zai ce a rage maka shekaru a fasfo, a ɓoye sakamakonka. Kada ka yarda, ɗana. Ƙaryar da aka rubuta a takardar biza tana iya rufe maka ƙofar ƙasar nan har abada, ranar da ta tashi kuma dillali yana gida yana cin kuɗinsa. A 2017 a birnin Paterson na New Jersey, an gano wani koci ya tara yara 'yan ƙasashen waje a gidansa, har da 'yan Najeriya, takardun wasu ba su cika ba. Aka janye ƙungiyar daga gasar jiha. Yaran nan ma raba su aka yi da iyayensu saboda wasa.

Ko da a ce komai ya tafi daidai, ba a wasa sai da karatu. Tun 1984 Texas ta kafa doka: ka samu ƙasa da maki 70 a darasi ɗaya, an dakatar da kai daga gasa, ko kai ne tauraron gari. Dokar har 'yan badujala da masu rawa tana hawa kansu. Hukumar wasannin jami'o'i, NCAA, da bakinta ta ce kusan biyu cikin 100 na 'yan wasan sakandare ne ke samun tallafin karatu ta hanyar wasa, mafi yawansu ma ba cikakke ba. Samari fiye da rabin miliyan ke buga ƙwallon kwando a sakandarun ƙasar nan, wajen ɗaya cikin 100 ne ke kaiwa rukunin farko na jami'a. Tsayin da kake alfahari da shi a gida, nan tsayin ɗan wasan baya ne. Za ka ce Hakeem Olajuwon fa? Shi jami'ar Houston ya zo a 1980, ba sakandare ba, tsayinsa ya kusa ƙafa bakwai, shekararsa ta farko ma bai buga gasa ba.

Abin da ya fi ci mini rai ban taɓa faɗa muku ba. A ajinsa na kusa da ƙarshe yayanka ya yi tsalle ya sauka, jijiyar gwiwarsa ta tsinke. Aka yi masa aiki, ya yi watanni yana gashi, ni kuma na fi shekara ina biyan ragowar da inshora ba ta ɗauka ba. Makon farko 'yan ƙungiyar zuga suka zo da balan-balan da kati cike da sa hannu. Mako na uku shiru. An ba wani gurbinsa, kirarin ya koma kan wancan. Na same shi da dare yana kuka a ɗaki, yaron da ban ga hawayensa ba tun yana firamare. Da yana hannun dillali, da tallafin da masaukin duk sun tafi tare da gwiwar. Lissafi ne ya cece shi. Yau yana shekara ta uku a karatun injiniya da tallafin da makinsa ya jawo masa, kuma wallahi duk sanda na tuna rumfar nan da matar nan, sai in ɗaga kaina sama.

Ba cewa na yi ka ajiye ƙwallo ba. Ka ci gaba, ka nemi ƙungiya ta gaske a Kano wadda ke shiga gasa, a riƙa ɗaukar cikakken wasa, ba guntun zura ƙwallo ba. Amma jami'a za ka nema, da sakamakonka. Akwai ofishin EducationUSA, mai ba da shawara kan karatu a Amurka, a Abuja da Legas, ka fara da su, ka kuma tambaye su halin da biza take ciki yanzu, don ƙofar ta ƙuntata ƙwarai. Ka turo mini hoton WAEC ɗinka in gani. Mutumin nan kuma ya faɗi sunan makarantar da garin da take, ni zan kira su da kaina ranar Litinin. Kafin nan ka gaya wa Yaya ina roƙonsa kada ya ba da ko sisi. Ka gaida mini da Hajiya, ka ce mata maganin ƙafarta yana hanya.

Gwaggonka.