Hukuncin raka abokan karatu tsibirin Miyajima a farkon shekara

Tambaya: Assalamu alaikum. Allah ya gafarta Malam, ni ɗalibi ne, ina digiri na biyu a wata jami'a a yankin Hiroshima, ƙasar Japan. Bara malaminmu ya kai mu tsibirin Miyajima, inda akwai wurin bautar Shinto, addinin gargajiyar Japan, da aka gina a kan ruwa. Da muka isa gaban babban ɗakin, kowa ya jefa ƙwandala a akwati, ya sunkuya sau biyu, ya tafa sau biyu, ya sake sunkuyawa. Ni ban jefa kuɗi ba, ban tafa ba, amma na ɗan sunkuya don kada in fita zakka. Ban ga gunki ko ɗaya a wurin ba. Bana an shirya za mu koma gaba ɗayanmu a farkon Janairu don neman sa'ar kammala bincike kafin Maris. Wani ɗan'uwa musulmi da ya daɗe a nan ya ce mini ba komai, al'ada ce kawai, su kansu Japanawa ba su ɗauke ta addini ba. Sannan abokina ya ba ni wata 'yar jakar ƙyalle da ya sayo a wurin, wai ta sa'ar jarrabawa. Mene ne hukuncin zuwan, kuma yaya zan yi da jakar?

Amsa: Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Ɗana, Allah ya yi maka albarka da ka tambaya tun kafin ranar ta zo.

Tsibirin kansa ƙasar Allah ce. Mutane na zaune a cikinsa da kasuwarsu da makarantarsu, bareyi na yawo a titi suna fizge takarda daga hannun baƙi. Wanda ya hau jirgin fito na minti goma a ranar da ba ta biki ba, ya kalli jar ƙofar wurin bautar mai tsawon kimanin mita 16 tana tsaye cikin teku, ya hau dutsen Misen ya sauko, babu laifi a kansa. Harajin yen 100 da ake karɓa tun Oktoban 2023 na hukumar birnin Hatsukaichi ne, biya shi ba komai. Shiga cikin ginin don kallo kawai, malamai sun saɓa a kai kamar yadda suka saɓa a kan shiga coci. Ni na fi so ka tsaya a waje, domin kuɗin tikitin asusun masu wurin yake shiga, kuma daga bakin ruwa ana ganin kusan komai.

Sai dai tafiyar da ke gabanka ba wannan ba ce. Abu biyu ka ambata a tsakiyar wasiƙarka kamar da wasa: farkon Janairu, da neman sa'a. Su suka juya hukuncin. Ziyarar wurin bauta a kwanakin farko na shekara suna kiranta hatsumode, kuma ita ce babban taron bautarsu na shekara. Abu Dawud ya ruwaito cewa wani mutum ya yi bakancen yanka raƙuma a wani wuri mai suna Buwana, sai Annabi (SAW) ya tambaya ko akwai wani abin bauta na jahiliyya a wurin, ko kuma suna yin wani idinsu a can. Sai da aka ce babu, sannan ya ce ya cika bakancensa. Lura, mutumin nan don Allah zai yi yankan, amma duk da haka aka bincika wuri da lokaci. Kai kuwa tambayoyin biyu duk amsarsu e ce, ga kuma manufar ayarin an faɗe ta fili: roƙon wanin Allah ya sauƙaƙa bincike. Wannan tafiyar ba ta halatta gare ka ba.

Rashin ganin gunki kada ya rufe maka ido. A Shinto abin da ake girmamawa yana ɓoye ne a ɗakin ciki, baƙo ba ya ganinsa. Wurin bautar nan na Miyajima, mai suna Itsukushima, na wasu ababen bauta mata uku ne, kuma tsibirin gaba ɗaya ake ɗauka mai tsarki, har ba a binne gawa a cikinsa sai an haye da ita. Lata ma dutse ce a Ɗa'ifa, Uzza itatuwa ce a Nakhla. Ba sai an sassaƙa fuska ba.

Yanzu maganar ɗan'uwanmu da ya ce al'ada ce. Zan tsaya a kanta domin ba shi kaɗai ke faɗa ba, kuma tana da ɓangaren gaskiya. Gaskiya ne Japanawa da yawa za su ce maka ba su da addini, alhali suna zuwa waɗannan wurare. Gaskiya ne kuma ba duk abin da suke yi ne bauta ba: cire takalmi a ƙofar gida, kai tsaraba, cin taliyar soba a daren ƙarshen shekara, yi abinka. Amma hukuncin aiki ba daga zuciyar 'yan kallo ake ɗauko shi ba, daga abin da aka kafa aikin dominsa ne. Ka tambayi limamin wurin mai farar riga: addu'ar da yake rerawa, wa yake yi wa? Ƙwandalar da aka jefa, wa aka ba? Tafin, wa ake nufa da shi? Ba zai ce maka hukumar yawon buɗe ido ba. Ka karanta allunan katako da aka rataye a gefe, tunda kana jin yaren: a ba ni lafiya, a ba ni miji, in ci jarrabawa. Wannan roƙo ne, roƙo kuwa shi ne ibada. Kasancewar mai roƙon yana shakka ko akwai mai ji bai mayar da shi wasa ba. Kuraishawa ma hujjarsu ita ce a kan haka suka tarar da iyayensu; abinsu al'ada ne kuma addini ne a lokaci guda, ɗaya bai kore ɗaya ba.

Ita wannan magana ma tana da tarihi, ba daga bakin malaman musulunci ta fito ba. Gwamnatin Japan ce, daga zamanin sarki Meiji, ta riƙa cewa wuraren Shinto ba addini ba ne, hidimar ƙasa ce, don ta iya ɗora wa kowa. A 1932 wasu ɗaliban jami'ar Katolika ta Sophia da ke Tokyo suka ƙi sunkuyawa a wurin bautar Shinto na Yasukuni, rikici ya tashi, ma'aikatar ilimi ta ce ai sunkuyawar kishin ƙasa ce kawai, a 1936 kuma fadar Paparoma ta yarda mabiyanta su yi. Bayan Yaƙin Duniya na Biyu, a Disambar 1945, aka raba Shinto da gwamnati, kuma yau wuraren nan rajistar ƙungiyoyin addini gare su a dokar Japan. To idan dokar masu abin ta kira shi addini, ba musulmi ne zai zo ya wanke shi ba.

Za a ce ai a Japan kowa na sunkuya wa kowa. Haka ne, amma can mutum ne a gabanka, kana gaishe shi yana amsawa. Kuma ko ita Annabi (SAW) ya hana a hadisin Anas, abin da wasu malamai suka sassauta shi ne ɗan kaɗa kai. A gaban ɗakin nan wa ke tsaye da za ka gaisar? Za a ce ayyuka da niyya suke. Niyya tana gyara halas ta zama lada, ba ta mayar da haram halas. Za a ce lalura. Jin kunyar abokai ba tilas ba ne. Tilas ita ce irin wadda Ammar ya gani a hannun mutanen Makka.

Sunkuyawar da ka yi bara kuskure ne, ba ƙarami ba. Amma ba ka nufi bauta ba, ba ka san hukunci ba, kuma hannunka ya ƙi tafawa, wanda ke nuna zuciyarka ba ta tare da su. Ka tuba, ka yawaita kalmar shahada, ka wuce. Kada shaiɗan ya zaunar da kai yana ce maka ka fita musulunci, kada kuma ka bi majalisu kana ba da labari.

Ka sami malaminka tun yanzu, shi kaɗai, ba ranar tafiya a gaban jama'a ba. Ka ce masa addininka bai yarda ka halarci ziyarar ba, amma za ka same su wurin cin abinci bayan sun hayo. Gajeren uzuri da wuri cikin ladabi ya fi dogon wa'azi. Sashe na 20 na tsarin mulkinsu ma ya hana tilasta wa kowa shiga hidimar addini, ko da yake ba na so ka fara da zancen doka da mutumin da zai sa hannu a kundinka.

Jakar kuwa laya ce, suna ce mata omamori, a cikinta akwai takarda ko ɗan katako da aka yi wa addu'a da sunan abin bautar. Ba ta halatta ka rataya ko ka ajiye don sa'a, wannan babu saɓani. Abokinka alheri ya nufa, ka gode masa, ka mayar masa idan ba zai ji ciwo ba. In zai ji, ka rabu da ita a ɓoye, ba tare da wulaƙanci a idon kowa ba, domin an hana mu zagin abin da suke bauta wa. Kada ka kai ta akwatin da ake mayar da tsofaffin layu a wurin bautar, ƙona su da suke yi shi ma hidima ce. Haka takardun duba da ake zara bayan an girgiza gwangwani, ko don raha kada ka zara, 'yan'uwan azlam ne, wato kiban duba na jahiliyya.

In ka je tsibirin wata rana don kallo, ka kula da salla, musamman da sanyi da rana ke faɗuwa tun wajen ƙarfe biyar. Alƙibla daga can yamma take da ɗan karkata arewa, jar ƙofar tana iya faɗowa daidai gabanka idan ka tsaya a bakin ruwa, sai ka matsa nesa. Ka kuma tambayi miyar da ake zuba wa kifi, sau da yawa akwai giyar shinkafa a ciki. Shi kuma ɗan'uwan da ya ba ka shawara, babba ne a kanka, kada ka yi jayayya da shi. Ka tura masa amsar nan ya karanta da kansa. Wallahu a'alam.