Tambaya da Amsa: Tsofaffin Finafinan Titunan Amurka

Tambaya: Ina yawan kallon finafinan titunan Amurka na wajen 1900 zuwa 1920. Me ya sa kowa ke sauri kamar ana korarsa? Launin da ake gani a wasu kuma na asali ne? Daga mai karatu a Zariya.

Amsa: Malam, ba mutanen ne ke sauri ba, daga na'ura abin yake. Kyamarar lokacin da hannu ake juya ta, yawanci tana ɗaukar hoto 16 zuwa 18 a sakan guda. Da fim mai sauti ya shigo a ƙarshen shekarun 1920 aka tsayar da 24. Idan aka haska abin da aka ɗauka a 16 da gudun 24, minti uku sai ya koma biyu. Masu gyara kan rage gudun har sai takun doki da tashin hayaƙi sun yi daidai da yadda ido ya saba.

Launin kuwa, mafi yawansa kintacen kwamfuta ne. Sinadarin fim ɗin wancan zamani ba ya kama ja, shi ya sa jar riga kan fito baƙa, shuɗin sama ya fito fari fat. Kwamfuta ba ta da hanyar sanin ko baƙin nan ja ne. A kalla don sha'awa, amma kada a kafa hujja da shi.

Tambaya: An ce yawancin finafinan lokacin sun salwanta. Yaya waɗannan suka tsira? Daga wata malamar makaranta a Maraɗi.

Amsa: Gaskiya ne, Malama. Har zuwa farkon shekarun 1950 da wani sinadari mai suna naitiret ake yin faifan fim. Yana kama wuta nan take, ruwa ba ya kashe ta, in kuma ya sha zafi da danshi sai ya yi danƙo, daga baya ya zama gari. Gobarar rumbun kamfanin Fox a New Jersey a 1937 ta cinye finafinai masu yawa. Rahoton Ɗakin Karatu na Majalisar Dokokin Amurka na 2013 ya ce kashi 70 cikin 100 na dogayen finafinan Amurka marasa sauti sun ɓace.

Abin da ya ceci na farko-farkon shi ne giɓin doka. Kafin 1912 dokar haƙƙin mallaka ba ta san fim ba, hoto ta sani. Don haka tun 1894 kamfanoni irin su Edison da Biograph suka riƙa buga fim a kan doguwar takarda, hoto bayan hoto, su kai rajista. Naitiret ya ruɓe, takarda ta zauna. A farkon shekarun 1940 Howard Walls, wani ma'aikacin Ɗakin Karatun Majalisar, ya tono nadin takardun, kusan fim 3,000. A shekarun 1950 wani mai gyaran fim, Kemp Niver, ya bi su ɗaya bayan ɗaya yana sake ɗauka a faifai mai milimita 16. Aiki ne mai cin rai, don takardar ta bushe, ta motse, ba kowane hoto ke zama a gurbinsa ba; daga nan ne rawar da hoto ke yi a wasu finafinan ta samo asali. Naitiret ɗin da ya rage a hannun Ɗakin Karatun Majalisar yanzu yana ajiye a Culpeper ta jihar Bajiniya, cikin sanyin kusan digiri 4.

Tambaya: Ta yaya ake gane shekarar fim in ba a rubuta ba? Daga ɗalibi a Kumasi.

Amsa: Da abin da ke cikin hoton, ɗan'uwa: lambar mota, allon shago, ginin da ba a gama ba, tsawon inuwa. Akwai fim ɗin titin Market na San Faransisko da 'yan'uwan Miles suka ɗauka daga gaban taragon titi. An daɗe ana cewa na 1905 ne. Masanin tarihin fim David Kiehn ya bi rajistar lambobin motocin, ya haɗa ruwan da ya kwanta a titi da bayanan ruwan sama, ya kuma samo tallan fim ɗin a jarida. Sai ta bayyana an ɗauke shi a Afrilun 1906, 'yan kwanaki kafin girgizar ƙasar ranar 18 ga watan ta rushe birnin. Shaida ɗaya ba ta isa ba, sai biyu ko uku sun dace kafin a tsayar da shekara.