Yadda za ka tantance bidiyo kafin ka ɗora shi

Malam, ka ce kana da shafin labarai a Facebook a nan Jos, ana turo maka bidiyon tashin hankali ta WhatsApp, kana gudun a riga ka ɗorawa. Gara a riga ka. A 2018 binciken BBC ya nuna cewa wasu hotunan da aka yaɗa lokacin rikicin Filato tsofaffi ne, har da wanda aka ɗauka a Kongo, kuma 'yan sanda sun ce sun ƙara rura wutar.

Fara da wanda ya turo: shi ya ɗauka, ko turo masa aka yi? WhatsApp yana goge bayanan rana da wurin da ke cikin hoto, don haka sai ka nemi ainihin fayil ɗin daga wayar da ta ɗauka.

Daga nan ka tsayar da bidiyon a wurare uku ko huɗu, ka ɗauki hoton fuskar waya, ka saka a Google Lens, manhajar da ke nemo inda hoto ya taɓa fitowa a intanet. In ya taɓa fitowa, sau da yawa za ka gan shi. Ka duba allunan shaguna, lambar mota, kakin jami'an tsaro, da harshen da ake magana. In an ce a unguwar Terminus ko Farin Gada abin ya faru, kira mutum biyu da ba su san juna ba a can, sannan kakakin 'yan sandan jiha.

Kada ka ambaci ƙabila ko addini a kanun labari. Sashe na 24 na dokar laifukan intanet ta 2015, wadda aka gyara a 2024, yana iya hawa kan wanda ya yaɗa ƙarya da gangan don ta da hankalin jama'a.