Fatawa: Matata ta samu sauƙi da maganin asibiti, ana cewa ta daina sha

Tambaya: Assalamu alaikum. Malam, Allah ya ƙara lafiya da nisan kwana. Matata ta haihu wata takwas da suka wuce. Kwana biyu bayan bikin suna, barci ya ƙaurace mata, ta shiga surutai, tana cewa an canja mata jariri. Iyayenta suka ce iska ce ta buge ta wajen wankan jego. Muka yi wata guda ana ruƙiyya da hayaƙi, abin sai gaba yake yi, har ranar da aka riƙo ta a bakin rijiya. Daga nan na kai ta asibitin masu taɓin hankali, aka kwantar da ita sati uku, aka sallame mu da ƙwayoyi da allurar wata-wata. Yanzu alhamdu lillahi tana girki, tana sallah, tana rainon ɗanta. To mai ruƙiyyar ya ce ƙwayoyin kayan maye ne, aljanin kawai suke sa wa barci, kuma dogaro da su raunin tawakkali ne. Surukata ta goyi bayansa, tana so a daina. Likita kuma ya ce idan ciwon ya dawo da ƙarfi za a iya yi mata jinyar lantarki a kai. Ga azumi na tafe. Mene ne hukunci?

Amsa: Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Allah ya ƙara mata sauƙi, ya raya abin da aka samu, kai kuma ya saka maka da alheri bisa tsayuwar da ka yi a kanta.

Shan wannan magani halal ne. A halin da ka siffanta ma ya wuce halal, wajibi ne, kuma bai halatta gare ka ka dakatar da shi saboda maganar wanda ba likita ba.

Asalin neman magani umarni ne. Usama ɗan Sharik ya ruwaito cewa ƙauyawa sun tambayi Annabi (SAW) ko su nemi magani, ya ce: «Ku nemi magani, bayin Allah, domin Allah bai sanya wata cuta ba face ya sanya mata magani, ban da cuta ɗaya: tsufa.» Abu Dawud da Tirmizi suka fitar da shi. Tsufa kaɗai aka togace, ba a togace ciwon hankali ba. Hukuncin yana sauyawa da halin mai ciwo, kuma Majalisar Fiƙihu ta Ƙungiyar Ƙasashen Musulmi, a zamanta na Jidda a 1992, ta zartar cewa magani yakan zama wajibi idan barinsa zai kai ga rasa rai, ko lalacewar gaɓa, ko nakasa. Matar da aka riƙo a bakin rijiya, da jariri a ɗaki, ba a neman wani dalili bayan wannan. Allah yana cewa: «Kada ku jefa kanku da hannayenku zuwa ga halaka» (Baƙara: 195).

Abin da ya same ta likitoci sun san shi sarai. Yakan kama mace ɗaya ko biyu cikin masu haihuwa dubu, galibi a sati biyun farko na jego, da irin alamomin da ka faɗa: rashin barci, ruɗewa, da zargin abin da bai faru ba. Mun yi imani da samuwar aljanu, Alƙur'ani ya tabbatar da su. Amma cewa wannan mata aljani ne a jikinta da'awa ce, kuma mai da'awa shi ake tambaya hujja. Wata guda ana karatu da turare tana ƙara rikicewa, sati uku a kan magani ta dawo hayyacinta. Batun cewa ƙwaya tana sa aljani barci kuwa ba aya ba ne, ba hadisi ba ne, ba maganar wani imami ba ce. Da wane ido aka ga barcin nasa?

Mutanenmu suna yarda cewa siga da hawan jini ciwon jiki ne, amma da an ce damuwa ko ruɗewar hankali sai su ce wannan na ruhi ne, abin sha ba ya isa wurin. Sunna ba ta yi wannan rabon ba. Nana A'isha (RA) ta kasance idan aka yi rasuwa a danginta takan sa a dama talbina, wani kunu ne na garin sha'ir, ta ce ta ji Manzon Allah (SAW) yana cewa talbina tana hutar da zuciyar mara lafiya, tana tafiyar da sashen baƙin ciki. Buhari da Muslim suka ruwaito. Dubi wannan da kyau: abin da aka dafa a tukunya, aka sha da baki, Annabi (SAW) ya ce yana rage baƙin ciki. Ke nan abin da ya shiga ciki yana taɓa halin zuciya, kuma yin amfani da shi bai saɓa wa imani ba. Magabata haka suka fahimta. Asibitin da Sarki Ƙalawun ya gina a Alƙahira a 1284 yana da ɓangaren masu ciwon hankali, ana ciyar da su ana ba su magani daga dukiyar waƙafi.

Maganar tawakkali kuwa an riga an yi wa Annabi (SAW) irinta. A ruwayar Tirmizi, an tambaye shi game da ruƙiyya da magani, ko suna mayar da wani abu na ƙaddarar Allah, ya ce su ma suna cikin ƙaddarar Allah. Wanda ya haɗiyi ƙwaya da bisimilla yana sane cewa Allah ne mai warkarwa, shi ne mai tawakkali.

Shubuhar maye ita ce ta cancanci a tsaya a kanta, don tana da ɗan tushe. Gaskiya ne da aka tambayi Annabi (SAW) game da giya don magani ya ce ita ba magani ba ce, cuta ce, kamar yadda Muslim ya ruwaito daga hadisin Ɗariƙ ɗan Suwaid. Sai dai malaman mazhabarmu ba su cusa duk abin da ke taɓa hankali a buhu ɗaya ba. Imam Ƙarafi ya raba su uku: muskir, mai gusar da hankali tare da nishaɗi da annashuwa, kamar giya, mufsid, mai dagula hankali ba tare da wannan nishaɗin ba, da murƙid, mai gusar da hankali da ji baki ɗaya. Na farko kaɗansa da mai yawansa haram ne. Biyun ƙarshe ya halatta a yi amfani da gwargwadon da bai gusar da hankali ba, kuma malamai sun halatta a sumar da mutum da murƙid don a yi masa aiki. To magungunan ruɗewar hankali, irin su haloperidol da chlorpromazine, wanda aka fara jinya da shi a Faransa a 1952, ba sa kawo nishaɗin maye. Nauyin jiki da barci da bushewar baki suke kawowa, shi ya sa masu shan su ke neman hanyar gudu daga gare su. An haramta giya saboda tana ɗauke hankali, wannan kuwa a gabanka ya dawo da shi.

Ɗan tushen da na ce shi ne akwai ƙwayoyin da ake haɗawa da su waɗanda 'yan shaye-shaye ke nema, kamar diazepam da benzhexol, wanda yara ke kira Exol, ana bayar da shi don rage sanƙarewar jiki da rawar hannu. Ga mara lafiya, a adadin da likita ya rubuta, halal ne. Ƙarawa a kan adadin, ko miƙa wa wani, ko sayo su a kemis ba takardar likita, haram ne. Ka kulle su, makullin yana hannunka.

Abin da na fi ji maka tsoro shi ne yankewa farat ɗaya. Na taɓa zuwa duba wani saurayi da ke zuwa karatu wurinmu. Ya warke har ya koma kasuwa, aka ce wa mahaifinsa ya zubar da maganin Nasara. Bayan 'yan watanni na same shi a wani gidan mari, ƙafafunsa sun yi kanta a wuyan sawu, bayansa duk shatin bulala, wai aljani ake duka. Jikin ɗan Musulmi aka daka. Duk mun ga abin da aka fito da shi daga wani gida a Rigasa ta Kaduna a 2019. Ɗaure mara lafiya a yi ta jibgarsa zalunci ne, ko da ana karanta Baƙara a kansa. Ranar daina magani likitan da ya fara shi ne zai faɗa, kuma a hankali ake janyewa. Ka gaya masa tana shayarwa, ku kuma sanar da shi kafin ta sake ɗaukar ciki, domin ciwon yakan dawo a haihuwa ta gaba, kuma wasu magunguna, kamar sodium valproate, suna cutar da ɗan tayi.

Jinyar lantarki sunanta ya fi ta ban tsoro. An fara ta a Rum ta Italiya a 1938, kuma yadda ake yin ta daidai a yau shi ne a yi wa mara lafiya allurar barci da ta sassauta tsoka, a saki lantarki kaɗan na 'yan daƙiƙoƙi, ya farka bayan mintuna. Tana aiki da sauri ga wanda ya ƙi ci da sha ko yake neman halaka kansa. Illarta da aka fi sani mantuwa ce ta abubuwan da suka faru a kusa da lokacin jinyar. Ta halatta idan ƙwararren likita ya ga amfaninta ya rinjayi cutarwarta, da izininta in tana cikin hankalinta, ko na waliyyinta in ba ta ciki, kuma ku tabbatar za a yi da allurar barci.

Azumi: allurar wata-wata da ake yi a tsoka ba ta karya shi, haka majalisar da na ambata ta zartar a 1997. Ƙwayoyin kuma ku tambayi likita tun kafin ganin wata ko za a iya mayar da su sahur da buɗa-baki. Idan ya ce ba zai yiwu ba, ko ana ba ta lithium, wanda ƙarancin ruwa a jiki ke sa shi zama guba, ko raba dare zai tayar mata da ciwon, ta sha azumin ta rama daga baya. Sallolin da suka wuce tana cikin gushewar hankali babu ramuwa a kanta. Idan magani ya sa ta makara, ta yi sallah lokacin da ta farka.

Ruƙiyya kada ku bari. Ka karanta mata Fatiha da Ƙulhuwallahu da Falaƙi da Nasi da kanka, ita ma ta riƙe azkar na safe da yamma. Surukarka uwa ce, tsoron 'yarta ne ke sa ta magana. Ka je ka durƙusa ka gaishe ta, ka roƙe ta ta raka ku ranar ganin likita, ta yi tambayoyinta ta ji amsa da kunnenta.

Wallahu a'alam.