Na sa sabbin bawul ɗin hayaƙi, sai na sake saita tazara?

Ƙwarai kuwa, ɗan'uwa, dole ne, don sabon bawul ba ya zama daidai inda tsohon ya zauna. Ka fara goge bakinsa da mazauninsa har su haɗu tsaf, sannan ka auna tazarar, wato ɗan giɓin da ke tsakanin kan sandar bawul da abin da ke danna shi, galibi injin yana sanyi.

Bawul ɗin hayaƙi ya fi na shigar iska cin zafi, shi ya sa tazararsa ta fi faɗi, a motoci da yawa milimita 0.25 zuwa 0.30. Amma littafin motarka za ka bi.

Don Allah kada ka matse shi don gudun ƙarar "kas-kas". In ya matse, ba ya rufewa sosai, wuta ta riƙa lasar bakinsa har ya ƙone. In injinka mai saita tazara da matsin mai ne, ba ruwanka da wannan aikin.